An ce za a tayar wa iyalina naƙuda ciki bai kai wata tara ba, dan Allah masu sani ku ba ni shawara

Ɗan Taura:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah a taimaka min da shawara don wlh kaina ya kulle, yanzu haka daga barandar asibiti nake rubutun nan, cajin ma saura kaɗan.

Iyalina ce ke da ciki, na fari, tana gidansu goyon ciki tun watan jiya a wani ƙauye nan gefen Gujungu. Kusan sati biyu ke nan ƙafafunta na kumbura, kowa ya ce ai haka ciki yake, wasu suka ce zaƙi ne aka haɗa mata jiƙe-jiƙe tana sha. Daga baya fuska ma ta ɗauka, zoben hannunta sai da aka sa sabulu aka zare. Shekaranjiya da daddare ƙaninta ya kira ni wai kanta kamar zai tsage kuma tana ganin wani ƙyalli-ƙyalli a idonta, jiya da asuba na samo mota muka kawo ta babban asibiti. Nas ta auna ta, ta sake aunawa, ta kira wata ita ma ta auna, jininta ya hau 170/110. Aka gwada fitsari suka ce akwai furotin da yawa. Nan take aka ba ta gado aka yi mata wasu allurai masu zafi har tana hawaye.

Likita ya ja ni gefe ya ce cikin sati 33 ne da kwana biyu bisa sikanin da muka yi tun yana wata uku, abin da ke cikin kuma bai kai girman da ya kamata ba, wajen kilo 1.7 suke hasashe. Ya ce sun fara mata wata allura saboda huhun jaririn, guda huɗu ce, in ta cika gobe za su tayar da naƙuda, in abu ya rikice kafin nan ko naƙudar ta ƙi to aiki za a yi. Wai sai na sa hannu.

To ga inda gizo ke saƙar. Kakarta, Iya, wadda ita ta riƙe ta tun tana ƙarama, ta ce sam ba da yawunta ba. Ta ce ɗan wata bakwai yana rayuwa, ɗan wata tara yana rayuwa, amma ɗan wata takwas ba ya yi, tun kaka da kakanni haka aka sani, a ba ta jikarta su koma gida ta cika watanninta tunda yau jinin ya ɗan sauka ciwon kan ma ya lafa. Surukina ya yi shiru ya ce matarka ce, abin da ka gani. Ni kuma kun san yadda ake da cikin fari, ko tsayuwar da nake yi a bakin ɗakin nan kallon marar kunya wasu ke min. Innata ma ta bugo waya tana cewa kar na yi gaggawa.

Tambayata, gaskiya ne maganar wata takwas ɗin nan? In aka fito da shi yanzu zai rayu kuwa? Kuma tunda magani ya saukar da jinin me zai hana a ci gaba da ba ta a bar yaron ya ƙara ƙwari? Na gode.

Maman Khalifa:

Wa alaikumus salam. Ƙanina dan girman Allah kar ka bari a fitar da yarinyar nan daga asibiti, ko Iya za ta yi fushi da kai shekara guda gara ta yi. Ni na ɗanɗana shi ya sa ina karantawa jikina na rawa.

Cikina na fari haka aka yi min, wajenmu ta Birnin Kudu ne. Jini ya hau aka kwantar da ni kwana biyu ya sauka, suka ce za su sa ruwan naƙuda, gwaggona ta ce ba a taɓa yi a zuri'armu ba, aka sa hannu aka tafi da ni gida da ledar magani. Kwana biyar na yi lafiya lau har ina tankaɗe. Daren na shida na tashi zan kama ruwa, iyakar abin da na sani ke nan. Sai bayan kwana biyu na farka a gadon asibiti harshena ya kumbura ya cika min baki saboda taunar da na yi masa, ko ruwa ba na iya haɗiyewa, wai jijjiga na yi ta yi tun daga gida ana ta hayaƙi ana tofi an ɗauka iska ce, sai da gari ya waye aka samu a-kori-kura. Na kai hannu na shafa cikina na ji wayam. Namiji ne, bai zo da rai ba, ban ma gan shi ba har aka kai shi. Likitan ya ce wa maigidana ni ma da ƙyar ƙodata ta dawo aiki.

Ciki na biyu tun yana wata uku na fara awo ba fashi, ya sake hawa, wannan karon da suka ce sati 34 za su tayar ni da bakina na ce a yi. Aka yi min irin alluran nan da kake faɗa, aka sa min wani ɗan ɓarin ƙwaya, naƙuda ta zo da yamma na haihu wajen ƙarfe uku na dare. Kilo 1.9, kamar ɗan tsako wlh, gwiwarsa ba ta fi babban yatsana ba, kayan da na saya duk sai da aka ajiye. Kwana 12 muka yi. Shi ne Khalifa, yanzu yana aji uku, in ka ga yadda yake hawa katanga ba za ka ce shi ne ba.

Saukar jinin nan da kuke gani kar ya ruɗe ku, ni ma ya sauka.

Na Gwaram:

Allah ya ba ta lafiya. Hajiya Allah ya sa mai ceto ne. Amma a faɗi ɗaya gefen ma, don ba kowa ke dacewa ba. Matar yayana bara aka ciro mata yarinya a wata bakwai a wani asibiti da ba sai na kama suna ba, aka ce mana akwai kwalba kar mu damu. Eh akwai kwalba, guda ɗaya mai aiki, jarirai biyu a ciki. Daren farko aka ɗauke wuta, janareta ba mai, mu muka yi karo-karo da wasu masu jinya aka sayo lita biyar da tsakar dare. Rana ta biyu tukunyar oksijin ta ƙare aka ce ana kawowa daga gari. Rana ta uku yarinya ta koma. Kuɗin riɗin yayana na shekarar gaba ɗaya a wajen ya tafi, muka dawo da uwar da ɗinki a ciki hannu rabbana.

Ban ce likita ƙarya yake ba, uwar dai ta rayu alhamdulillah kuma suka ce da an bari ita ma da ta tafi. Abin da nake cewa fito da yaro abu ne mai sauƙi a wajensu, riƙe shi bayan ya fito shi ne aikin. Kafin ka sa hannu ka je da ƙafarka ka ga ɗakin jariran, kar ka tsaya a ce maka akwai. Ka tambayi masu jinyar da ke kwana a baranda, su za su faɗa maka gaskiyar wuta da dare.

Ungozomar Asibiti:

Wa alaikumus salam. Malam sannu da jinya, Allah ya raba su lafiya. Ni ungozoma ce, na daɗe a ɗakin haihuwa a nan Jigawa. Ban ga matarka ba, don haka likitan da ke kanta shi ke da magana ta ƙarshe, amma bari na warware maka daidai abin da na gane daga bayaninka, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Maganar wata takwas tukuna, babu ita. Duk satin da yaro ya ƙara a ciki huhunsa da ƙwaƙwalwarsa ƙara nuna suke, ɗan sati 33 ya fi ɗan sati 29 ƙwari nesa ba kusa ba. Amma kar ka ga laifin Iya, ba ita ta ƙirƙira ba, tsofaffin likitocin Girka ma sun rubuta haka sama da shekara 2000 da suka wuce. A ganina lissafi ne ke kawo ruɗanin. Iyayenmu da tsayuwar wata suke ƙirgawa, sau da yawa daga sanda aka lura da cikin, mu kuma da sati muke ƙirgawa daga ranar farko ta al'adar ƙarshe ko da sikanin farkon ciki, sati 40 ne cikar sa, wanda ya zo kafin 37 shi ne bai cika ba. Da yawa daga waɗanda ake kawo min a ce bakwaini ne, in na duba zanen tafin ƙafarsu da taurin kunnensu sai na ga sun cika ko sun kusa, ƙanƙanta ce kawai, to dole a ga kamar bakwaini ya fi rayuwa.

Sai ciwon nata. Wannan hawan jinin daban yake da na tsofaffi, tushensa mabiyiya ce, wato abin nan da ke biyo jariri bayan haihuwa, jijiyoyin da suka haɗa ta da mahaifa ba su buɗe yadda ya kamata ba tun farkon ciki. Shi ya sa yaron bai yi girma ba, abinci da iska ba sa isar masa. Ƙwayar da ake ba ta lambar kawai take saukarwa don kar jijiya ta fashe a ka, allura mai zafin nan kuma magnesiyam salfet ce, tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi, amma duk cikinsu ba wadda ke warkar da ciwon, yana nan yana cin ƙoda da hanta a ɓoye har sai mabiyiyar ta fita. Ciwon kai da ƙyallin ido da 170/110 ga furotin a fitsari, wannan mai tsanani ne. Abin da na fi tsoro ma a irin wannan shi ne mabiyiya ta ɓalle daga jikin mahaifa farat ɗaya, mace na zaune lafiya sai ciwon ciki da jini, kafin a samo mota daga ƙauye yaro ya tafi. Iya tana auna wata takwas da wata tara ne, to wata taran nan ba lallai a kai shi ba, abin da ke kan sikeli shi ne yaro ɗan sati 33 a hannunmu muna ganinsa da kuma yaron da ke cikin mahaifar da ta fara gazawa. Akwai lokacin da muke jira, in ciki bai kai sati 34 ba kuma uwa ta daidaita gwajin jininta ya yi kyau bugun yaro lafiya, ana iya ƙara kwanaki amma a kan gadon asibiti ana auna ta dare da rana, ba a gida ba. Ka tambayi likitan me ya gani da ya sa ba zai jira ba, haƙƙinka ne, zai faɗa maka.

Ko a Amurka an ga haka, cikin shekarun 1990 haihuwar da likitoci ke jawowa kafin lokaci saboda lalura ta ƙaru, a daidai lokacin kuma mutuwar jarirai a ciki da kusa da haihuwa ta ragu. Amma fa saboda lalura. In ba lalura su ma ƙa'idarsu ba a taɓa ciki kafin sati 39, don ko ɗan sati 37 ya fi ɗan 39 shiga matsalar numfashi. Masu zuwa su ce a tayar musu saboda sun gaji ko maigida zai yi tafiya, mayar da su gida muke yi.

Zai rayu? Rai na Allah ne, ba wanda zai ba ka tabbas. Abin da aka sani dai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi waɗanda aka haifa ƙasa da sati 28 sama da kashi 90 cikin 100 ba sa wuce kwanakin farko, a ƙasashe masu arziki kuma ƙasa da kashi 10 ne ke mutuwa. Na sati 32 zuwa ƙasa kusan rabi ake rasawa a ƙasashe matalauta, can kuwa kusan duka suna rayuwa, kuma abin da ke kashe su a nan sanyi ne da rashin samun nono da ƙwayoyin cuta da wahalar numfashi. Naku ya haura wannan layin, 'yan sati 33 mafi yawansu suna tashi in sun samu kulawa. Malam Na Gwaram Allah ya ba ku haƙuri, maganarka gaskiya ce ɗari bisa ɗari, ku wata bakwai ne kuma wuri bai taimaka ba.

Allurar huhun nan sunanta deksametason, ana yi duk awa 12 sau huɗu. Huhun jariri akwai wani ruwa mai santsi da yake samarwa wanda ke hana 'yan jakunkunan iska mannewa, ka san yadda ledar fiya wata take in ta jiƙe ta manne sai ka yi ta hurawa ta ƙi buɗewa, to haka huhun da bai nuna ba yake, yaro ya yi ta nishi ƙirji na lotsawa har ya gaji. Allurar tana gaggauta samuwar ruwan. An yi babban bincike a asibitoci 29 a ƙasashe biyar har da Najeriya, ya fito a 2020, mata 2,852 masu cikin sati 26 zuwa ƙasa da 34, jariran da uwayensu suka samu allurar kashi 19.6 suka rasu, waɗanda ba su samu ba kashi 23.5. Kwana biyun nan da likita ke jira saboda ita ne.

Ka yi abin da Na Gwaram ya ce yau ɗin nan. Ka tambaya akwai oksijin da dare, akwai sola ko janareta, akwai fitilar shawara, akwai mai kwana da jarirai, in aiki ya kama da ƙarfe biyun dare akwai mai yi da jinin ƙari. In ba su da shi ka roƙi likita ya rubuta muku takardar tura ku gaba tun yaron na ciki, ɗaukar jaririn kilo ɗaya da rabi a mota cikin hunturun nan ya fi haɗari sosai. Jahun ba nisa da ku kuma ƙungiyar likitocin agaji ta MSF na aikin haihuwa da jarirai a babban asibitin can tun 2008, ga Rasheed Shekoni a Dutse, ga asibitin Malam Aminu Kano in ta kama. Amma da takarda da ma'aikaci, kar ku ɗauke ta da kanku.

Kuma kar ka ɗora ranka duka a kan kwalba. Akwai goyon ƙirji da ake ce wa kangaru, a sa wa jariri hula da safa da kunzugu kawai a kwantar da shi tsakanin nonon uwa fata da fata a ɗaure da zani, a Kolombiya aka fara shi a 1978 saboda su ma kwalabensu ba sa isa. Binciken da ya fito a 2021, wanda aka yi har da asibitin koyarwa na Ile-Ife, ya nuna fara shi nan take bayan haihuwa ga jariran kilo 1 zuwa 1.8 ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙirji ba ruwansa da ɗauke wuta. In aiki aka yi mata ba za ta iya ba a kwanan farko, to kai ma ƙirji gare ka, ka ajiye kunyar nan a baranda.

Auta Ringim:

Anti Ungozoma Allah ya saka da alheri, na ƙaru wlh. Tambaya, tunda allurar nan deksa ce ai akwai ta a kowane kemis da arha, yayata takan haihu kafin lokaci sau biyu ke nan, in ta fara jin ciwon mara ba za mu iya kiran mai kemis ɗin garinmu ya yi mata ba kafin a tafi asibiti? Shi ke yi wa mata allurar naƙuda ma in ta yi tsawo.

Ungozomar Asibiti:

Auta a'a, dan Allah a'a. An gwada irin wannan tunanin, wani bincike da ya fito a 2015 a ƙasashe shida aka raba allurar har ƙananan asibitocin karkara ana yi wa duk wadda ake zaton za ta haihu da wuri, ba tare da tabbacin satin ciki ba, sakamakon sai ya juye, mutuwar jarirai ta ɗan ƙaru kuma ciwon ƙwayoyin cuta ga uwaye ya ƙaru, da yawa waɗanda aka yi wa ashe cikinsu ya kusa cika ba sa buƙata. Shi ya sa sharaɗinta sai an san satin da sikanin, tsakanin 24 da 34, ana ganin haihuwa cikin sati guda, uwa ba alamar cuta a jiki, kuma a wurin da za a iya kula da jaririn. Yayarki ta fara awo da wuri ta faɗa musu tarihinta, ta yi sikanin tun cikin na wata uku, shi ne taimakon da za ku yi mata.

Mai kemis ɗin nan naku kuma da ke allurar naƙuda a gida, Allah ya shirye shi. Mu a ɗakin haihuwa ruwan naƙuda ɗigo-ɗigo muke ƙirgawa muna sauraren bugun yaro duk rabin awa, ƙwayar miso da muke tayar da naƙuda da ita kashi ɗaya cikin takwas ce ta wadda ake sayarwa a kemis. Na karɓi mata da mahaifa a fashe saboda an danna musu allura guda a cinya, yaro ya faɗa cikin ciki, a ƙarshe a cire mahaifar gaba ɗaya mace 'yar shekara 22.

Ɗan Taura:

Salam jama'a, ku yi haƙuri na ɓace kwana tara, ban samu kaina ba. Allah ya sauke ta, mace muka samu.

A daren da na yi rubutun nan na karanta amsoshinku na je na samu nas ɗin dare na ce ina son ganin ɗakin jarirai, ta harare ni ta ce ba a shiga da takalmi, amma ta nuna min ta taga. Kwalba biyu, na'urar oksijin mai aiki da wuta, kuma sola gare su a ɓangaren, wani mai jinya da ya kwana shida a baranda ya ce min bai ga ta ɗauke ba. Likita kuma da na tambaya ya ce gwajin hantarta ne ya fara canzawa shi ya sa ba zai jira ba. Labarin Maman Khalifa na karanta wa surukina a gindin darbejiya, bai ce komai ba ya tashi ya shiga wajen Iya, ban san me suka yi ba dai ta fito tana share ido ta ce ku yi abin da za ku yi. Na sa hannu.

An sa mata ƙwayar da rana, naƙuda ta fara bayan isha'i, wajen sha biyun dare suka ce bugun yarinya na sauka sai aiki. Ƙaninta ya ba da jini leda ɗaya. Ƙarfe ɗaya da wani abu nas ta wuce ta gabana da gudu da abu a zani ban ma ji kuka ba, gwiwata ta sage na zauna a ƙasa. Kilo 1.6. Kwana uku tana oksijin, ana tatsar dakashi a ba ta ta robar hanci da sirinji, Iya ta so a zubar wai bai da kyau nas ta ce shi ne ma maganin. Rana ta huɗu shawara ta kama ta aka sa ta a fitila kwana biyu an rufe mata ido. Ta rame ta koma 1.5, jiya aka auna ta fara hawa.

Anti Ungozoma na yi goyon. Ranar farko uwar ba ta iya zama, nas ta ce cire riga malam, na cire a gaban mata kusan shida ana ta dariya, aka ɗaura min ita da zanin atamfa. Nauyinta ko na wayata da fawa bank bai kai ba a ji na, numfashinta a ƙirjina kamar na ɗan tsuntsu, awa uku ko tari ban yarda na yi ba. Yanzu karɓa-karɓa muke, uwar da ƙanwarta da Iya. Iya ta fi kowa daɗewa, ta ce a ba ta kishiyarta, kuma ta kafe wai ai dama lissafinmu ne ba daidai ba, yarinyar bakwaini ce. Na ce haka ne Iya.

An yi suna shekaranjiya a gida an yanka rago ba uwa ba 'ya. Buhun riɗi biyu sun tafi, na uku na kan hanya. Sun ce sai tana kama nono da kanta tana ƙaruwa kwana uku a jere za su sallame mu. Tambayata yanzu, can gida har an tara itacen wankan jego an sayo kanwa, ita kuma har yanzu tana shan maganin hawan jini ga ɗinki. Ya za a yi?

Ungozomar Asibiti:

Barka barka, Allah ya raya mana ita. Ramar nan ta satin farko duk jarirai suna yi, tunda ta fara hawa alhamdulillah.

Kunun kanwa dai a ajiye shi, kanwa ɗan'uwan gishiri ne tana tara ruwa a jiki ta ƙara hawan jini, likitocin Zariya sun daɗe da danganta ta, ita da ruwan zafin jego, da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. A dama mata kunun gyaɗa ko na tsamiya. Wanka da ruwa mai ɗumi ya isa, ban da tafasasshe ban da fyaɗa ganye a kan ɗinki. Kar ta bar magani don ta ji sauƙi, jijjiga tana iya zuwa bayan haihuwa ma, in ciwon kai ko ƙyallin idon ya dawo ko numfashi ya yi mata wuya ku koma a daren, kuma a riƙa auna jinin a asibitin kusa da ku har ta yi arba'in. In Allah ya kawo wani cikin ta je awo da wuri ta faɗi abin da ya faru, akwai ƙaramin asfirin da kalsiyam da likita ke rubuta wa irinsu.

Ita kuma kishiyar Iya a ci gaba da goyon a gida aƙalla awa takwas a rana, in ya fi haka ma ya fi, nono duk awa biyu zuwa uku ko tana barci a tashe ta, ban da ruwa. Kar a kai garwashi ɗakin don ɗumi, hayaƙin ya fi sanyin illa ga huhunta, a toshe taga da tsumma a ƙara bargo a kan mai goyon. 'Yan barka su tsaya daga bakin ƙofa, mai mura ko leƙe kar ya yi. Ka riƙa taɓa tafin ƙafarta, in ka ji sanyi a mayar da ita ƙirji, in ta ƙi shan nono ko ta yi laushi ko numfashi na tsayawa to asibiti kai tsaye tana ɗaure a ƙirjin, ko a babur ne. Ka tambaye su ranar da za ku dawo awon kilo kafin ku fito, a rubuta maka a kati.